Me za mu kira "lychgate" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Ina rubutu a kan cocin Saint Peter da ke ƙauyen Boughton Monchelsea, a yankin Kent na Ingila, sai kalmar "lychgate" ta tsaya mini a wuya.

Bari in kwatanta abin. Mashiga ce ta harabar coci, harabar da ita ce kuma maƙabartar ƙauyen. Ginshiƙan katako ne da rufi mai tudu a kansu, gaba da baya a buɗe. Wasu suna da benci a gefe, wasu da dakali a tsakiya. Ta wannan ƙauyen ana danganta ta da shekarar 1470, tana cikin mafiya tsufa a Ingila.

A tsohon Turanci "lic" gawa ce. A wancan zamani yawancin talakawa ba a yi musu akwati. Likkafani ake naɗe mamaci da shi, a ɗauko shi a makara, a sauke a ƙarƙashin rufin nan don kada ruwan sama ya jiƙa shi, a jira limamin coci ya fito. Littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549 ma ya ce a bakin harabar limamin zai tarbi gawa. Duk wanda ya taɓa sa kafaɗarsa a makara da damina ya san amfanin wannan rufi.

Na fara da "ƙofar gawa". Bai kwanta mini ba, don rufin ya ɓace a cikinsa, alhali rufin ne dalilin ginin. Ga shi kuma masu rai ne suka fi bin ta, har amarya da ango ranar ɗaurin aure.

Wani malami ya ce a sa "zauren gawa", tunda a zaure baƙo yake tsayawa ya yi sallama har maigida ya fito. Malam, wallahi kwatancen ya yi kyau, na daɗe ina juya shi. Matsalar ita ce zaure ɗaki ne mai bango, kuma mai karatu zai iya ɗauka mutuware ake nufi.

Ni dai hankalina ya fi karkata ga "rumfar makara". Rumfa ginshiƙi ce da rufi da inuwa, ba bango. Makara kuwa ta nuna abin da ake saukewa ba tare da an ambaci gawa ƙarara ba, mu kuma da ma muna sakaya zancen mutuwa.

Wata 'yar'uwa ta ce rumfa ta zana ce da kara, ba ta kai shekara ɗari biyar. Haka ne, Hajiya, amma rumfunan kasuwa na bulo da kwano ma rumfa muke ce musu. Siffar muke kira, ba kayan ginin ba.

Na sa "rumfar makara" a rubutun, da jimla ɗaya ta bayani a inda ta fara fitowa. Idan akwai magini ko Bahaushe Kirista da ya san wani sunan da ake amfani da shi, don Allah ya faɗa mini kafin in miƙa aikin.