Lakwaja: yaushe ya fi dacewa a je, me kuma za a gani?

Uwar Daliban Tarihi:
Assalamu alaikum. Muna shirin kai ɗalibai goma sha takwas Lakwaja daga Kano, kwana biyu. Wane wata ya fi? Ban da mahaɗar kogunan Kwara da Binuwai, akwai abin da ya cancanci wahalar hanya? Kuma shiga kwale-kwale da yara hankali ne?

Malam Na-Bakin-Kogi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ku sa tafiyar a Nuwamba. Satumba da Oktoba ruwa na kan ganiyarsa, Binuwai ta kwaso ruwan damina tun daga Kamaru ta zube wa Kwara. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Disamba da Janairu kuma hazo na rufe gari, sai ku hau dutse ba ku ga komai ba. Daga Fabrairu zafi ne mai tsanani, ruwa ya janye, yashi ya fito tsibiri-tsibiri.

Ku fara da Dutsen Patti da sassafe. Daga samansa ake ganin inda kogunan biyu suka haɗu, kuma gidan hutun Gwamna Lugga, Baturen mulkin mallaka, yana can. Mota na hawa, amma hanyar kwana-kwana ce. Direba ya duba birki tun a ƙasa, ya sauko da ƙaramin giya. In ya dogara da birki kaɗai, zai yi zafi ya daina kamawa.

Alaramma Zazzagawa:
Malama, tunda daga Kano kuke, kada ku bar garin ba ku ziyarci kaburburan sarakunanmu ba. Nan Turawa suka riƙa kai waɗanda suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, bayan an kama shi a 1903, an fara kai shi Yola, daga baya Lakwaja, can ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau can ya cika, haka ma Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya rasu a 1924. Allah Ya jiƙansu. Ku fara gaisuwa a fadar Maigari, wato sarkin Lakwaja, a haɗa ku da wanda ya san unguwar Kabawa, don kaburburan cikin unguwa suke, baƙo ba zai gane su da kansa ba.

Ranar da ya kamata yaran su riƙe ita ce 1 ga Janairu 1900. A Lakwaja aka sauke tutar Royal Niger, kamfanin cinikin Turawa, aka ɗaga ta Ingila, aka ayyana mulkin mallaka a kan Arewa, alhali ko Kano ko Sakkwato Turawa ba su ci ba tukuna. Hedkwatar mulkin ba ta zauna nan ba, ta koma Jebba, sannan Zungeru.

Malam Na-Bakin-Kogi:
Ƙari kan maganar Alaramma: in yara suka tambaya ina manyan jiragen ruwan da a da suke zuwa garin, amsar ita ce jirgin ƙasa da yashi ne suka kore su. Da aka haɗa layin dogo daga Kano zuwa Ikko, kaya da yawa suka daina biyo ruwa. Kogin kuma da rani ba ya ɗaukar babban jirgi sai an yashe shi. An ƙaddamar da aikin yashewa daga Warri zuwa Baro a 2009, sai dai kowace damina yashi dawowa yake. Hedkwatar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, dai tana garin har yanzu, wanda ya zama babban birnin Jihar Kogi tun 1991.

Sarkin Ruwan Ganaja:
Batun kwale-kwale, Hajiya, ana shiga, amma da sharaɗi. Ku ɗauki mai inji, ku yi shatarsa ku kaɗai, ku raba yaran sahu biyu, kowane sahu da malami. Kowa ya sa rigar kariya a ɗaure tun a bakin ruwa. Abin da ke kifar da jirgi uku ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, da kututturen da ruwa ya ɓoye. A daidai mahaɗar ruwan na juyawa, don haka ba mai miƙewa ɗaukar hoto, ba a taruwa gefe guda. Ku tambayi matuƙi ko akwai filafili a ciki, saboda in inji ya mutu a tsakiya, shi ne zai fitar da ku. Kafin la'asar sakaliya kowa ya dawo tudu.