Wai murjanin Ostireliya ya mutu?

Ɗan Fagge: Jama'a tun jiya nake magana ba wanda ya kula ni. Turawa sun kashe Great Barrier Reef, murjanin da ya fi kowanne girma a duniya, tsawonsa kusan kilomita 2,300 a gaɓar jihar Queensland ta Ostireliya. 2016, 2017, 2020, 2022, 2024 duk ya yi fari fat saboda zafin ruwa, amma Ostireliya na nan tana lodin kwal a tashar Abbot Point dab da shi, sannan a zo ana ce mana mu daina girki da itace.

Tica: Malam "kashe" ta yi yawa. Fari daban, mutuwa daban. In ruwa ya yi zafi murjani yakan kori 'yan tsirran da ke cikin jikinsa masu ba shi abinci da launi, in zafin ya sauka da wuri suna dawowa. A 2022 ma cibiyar binciken teku ta ƙasar ta ce murjanin arewa da tsakiya ya kai yawan da ba a gani ba cikin shekara 36.

Baban Yara: To ni dai abin da na sani murjani dutse ne, ta ina dutse zai mutu fisabilillahi

Tica: Dabba ce Alhaji, dutsen ƙashinta ne.

Baban Yara: Dabba? Wanda kakata take sawa a wuya? Haba Tica, boko bai kai nan ba.

Anti Mai Atamfa: Jan na wuya daga Bahar Rum ake samo shi, ba irinsu ɗaya ba. Kuma na kasuwa yanzu roba ya fi yawa, ni da nake sayarwa na faɗa muku.

Baban Yara: Hajiya ashe roba kika sayar wa maiɗakina kenan

Anti Mai Atamfa: Ka fara biyan cikon kuɗin tukun.

Ɗan Fagge: Ku dawo kan magana don Allah! A 2016 kaɗai kusan kashi 30 na murjanin da ke ruwa mara zurfi ya tafi, wannan ba kisa ba ne? Tica kullum sai ka kare Turawa tunda ka yi wancan kwas ɗin.

Tica: Sin ce ta fi kowa fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya yanzu, kuma kamfanin da ke haƙar kwal a mahaƙar Carmichael ta Queensland na Indiya ne, su ma Turawa ne? Akwai kuma takin gonakin rake da ke gangarawa teku, shi ba ka ambata ba.

Ɗan Fagge: Wa ya fara? Amsa min wannan kawai.

Admin: To an rufe. Abin da aka tsayar, murjanin ya mutu kuma Turawa ne, Tica da kansa ya yarda ya yi fari. Maganar dabba ce ko dutse ba hujja, an ajiye ta. Alhaji da Hajiya ku ƙarasa naku ta waya.

Tica: Ni yaushe na yarda??