Kwastoma ta ce shinkafata "bland", zagi ne ko gyara?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina girkin oda ne daga gida, jiya na kai ma wata mata kula biyu ta jallof ɗin taron suna, da daddare sai ga saƙonta a WhatsApp wai naman ya yi amma shinkafar "is a bit bland". Ni na ɗauka blend take nufi, wato markaɗen ne bai yi laushi ba, har na fara rubuta mata bayani sai ƙanwata ta ce a'a ba shi ba ne. Wlh ban yi baccin kirki ba don tun asuba nake kan murhu kuma matar tana kawo min mutane sosai. Me kalmar take nufi, kuma me zan ce mata?

Wani malamin Turanci:
Wa'alaikumussalam Hajiya, kwantar da hankalinki, ba zagi ba ne. Blend da e shi ne markaɗe ko gauraya, bland da a kuma shi ne abin da muke ce ma salam ko lami, abinci bai ƙone ba bai lalace ba, ɗanɗanon ne kawai bai fito ba. Asalinta daga Latin ne, blandus, abu mai laushi mai lallashi, shi ya sa kalmar ba ta da kaifi, ga shi ta sa "a bit" a gaba wato ɗan kaɗan. Da tana son ta ci miki fuska da tasteless ko insipid za ta ce, su sun fi nauyi. Kuma ba abinci kaɗai ba, jawabi ko rubutu da ba armashi shi ma bland ake ce masa, har mutumin da hirarsa ba ta jan hankali. A dai kula da tasteless, in an faɗe ta a kan raha ko shiga to rashin dacewa ake nufi.

Wata nas:
Mu a asibiti ma ba aibi ba ce sam. In likita ya rubuta bland diet yana nufin abinci mara yaji mara maiƙo mara tsami, irin farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, burodi, ga wanda cikinsa ya ɓaci ko aka yi masa aiki. Na sha ganin masu jinya sun karanta shi blend sun je sun markaɗo abinci da attaruhunsa da komai, kinga ba ke kaɗai ba ce ke haɗa su.

Wata mai abincin sayarwa:
Yar uwa ni dai ta ɓangaren tukunya zan miki magana. Girkin taro daban yake da na gida, hannu ya saba da awon mutum goma sai ki ga an ninka shinkafa ba a ninka gishiri da magi daidai ba. Ki dinga ɗanɗana ruwan kafin ki zuba shinkafa, ya ɗan ɗara yadda kike so don ita shinkafa shanyewa take, sannan ki bar kayan miyan ya soyu har mai ya taso sama, ki tsaida sanwa da ruwan nama ba ruwan famfo zalla ba. Amma kafin duk wannan ki tambaye ta, gishiri ne bai ji ba ko yaji? Wasu in ba su ji attaruhu ya taɓa harshe ba shikenan abinci ya zama bland a wajensu. Kar ki tsaya kare kai, ki gode mata kawai ki tambaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na kira ta ɗazu, ashe yaji ne, ni kuma da gangan na rage shi saboda tsofaffi da yara da mai jego. Ta ce ranar Asabar in kawo kula ɗaya yadda na yi, sai dai in zubo mata soyayyen attaruhu a roba daban.