Wa ya taɓa zuwa kallon ƙwallo a ƙananan garuruwan Durham?

Ɗalibi a Durham:

Assalamu alaikum jama'a. Asabar ɗin da ta wuce wani abokin karatuna ya ja ni zuwa West Auckland, wani ɗan ƙaramin gari na masu haƙar kwal a da a yankin Durham da ke arewa maso gabashin Ingila, don mu kalli ƙungiyarsu. Suna buga gasar Northern League, can ƙasa da rukunoni huɗu na ƙwararru masu ƙungiyoyi 92. Kuɗin shiga bai kai fam 10 ba, kuma a hannun wani dattijo na biya, yana zaune cikin ɗan akurki a bakin ƙofa. Na tsaya jikin ƙarfen da ya kewaye fili, har ina jin numfashin ɗan wasan da ya zo yin jifa.

Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne abin da na ji a hutun rabin lokaci. Dattijon nan ya ga baƙon fuska, ya zo ya tambaye ni ko na san ƙungiyar ta taɓa cin Juventus 6 da 1. Na ɗauka zolaya ce. Da na koma gida na bincika, ashe gaskiya ne. A 1909 Sir Thomas Lipton, mai kamfanin shayi, ya sa kofi a Turin, West Auckland ta je a madadin Ingila, ta ci wata ƙungiyar Stuttgart 2 da nema, ta ci Winterthur 2 da nema. A 1911 suka koma, suka fitar da Zurich, suka yi wa Juventus wancan dukan a wasan ƙarshe. Yawancinsu daga ramin kwal suka fito. Duk wanda ya taɓa zuwa irin waɗannan filaye, don Allah ya ba mu labarin abin da ya gani.

Ma'aikaciyar jinya, Bishop Auckland:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka shigo unguwarmu, tsakaninmu da West Auckland tafiyar 'yan mintuna ce a bas. Ni ba mai kallon ƙwallo ba ce, aikina ne ya kai ni. Akwai wani tsoho da na yi jinya tsawon watanni, mantuwa ta ci ƙarfinsa, wani lokaci ko 'yarsa ba ya ganewa. Amma da an ambaci 1955, sai ka ga ya gyara zama. Shekarar ce Bishop Auckland ta ci Hendon a Wembley a gaban mutum 100,000, ta ɗauki kofin 'yan wasan da ba a biyansu albashi. Ta sake ɗauka a 1956 da 1957, sau 10 ke nan jimilla kafin a daina gasar a 1974. Yana yaro mahaifinsa ya kai shi Landan a jirgin ƙasa, kuma har launin gyalen da ya ɗaura yana faɗa, shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske.

Da ya ɗan samu sauƙi 'yar ta nemi in raka su Heritage Park, filin wasan Bishop Auckland. Muna shiga da keken guragu, maza uku suka taso suka ɗaga shi, suka kira shi da sunansa, wata mata ta kawo masa shayi ba ta karɓi ko kwabo ba. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Ranar na gane ba sakamakon wasa ke kawo mutanen nan ba.

Direban bas, Darlington:

Yaya, Allah ya saka miki da alheri. Amma bari in kawo ɗaya ɓangaren, don kada ƙaninmu ya ɗauka duk daɗi ne. Tarihi ba ya biyan kuɗin wuta. Ina garin nan lokacin da Darlington ta durƙushe. Sun bar tsohon filinsu na Feethams a 2003, suka koma sabon fili mai kujeru 25,000, alhali masu zuwa kallo ba sa cika ko kashi ɗaya cikin biyar. Na shiga sau biyu, kamar kana ihu a cikin rijiya. A 2010 suka faɗo daga rukunin ƙwararru. A 2011 suka ci Mansfield a Wembley suka ɗauki kofin FA Trophy na ƙungiyoyin da ke ƙasa da rukunin ƙwararru, garin ya yi murna, shekara na zagayowa bashi ya haɗiye ƙungiyar. Aka jefa su Northern League, aka ce ma sai sun sauya suna, suka koma Darlington 1883.

Magoya baya ne suka ɗauki nauyinta. Ba su da fili, sai suka yi aro a Bishop Auckland daga 2012 har ƙarshen 2016. Na sha ɗaukarsu ranar Asabar. Akwai wani fasinja da kullum yake shigowa da bokiti a hannu, na tara gudummawa, yana girgiza shi har a cikin mota. Mutum ne mai aikin fenti, ya ce mini ya yi shekara bai je hutu ba saboda abin da yake zubawa. Ni dai abin da na gani shi ne, ƙungiyar ƙaramin gari idan ta jingina da aljihun mutum ɗaya, ranar da ya gaji ranar za ta faɗi.

Ɗalibi a Durham:

Malam, wannan gaskiya ne, kuma ita kanta West Auckland haka ta faru da ita. Sun dawo daga Italiya da kofi da kuma bashi. Sai suka jinginar da kofin a wurin matar da ke riƙe da otal ɗin da suke taruwa, a kan fam 40. Ƙungiyar ta watse a 1912, aka sake kafa ta a 1914.

Tsohon malamin makaranta, Newcastle:

Ɗana, bari in ƙarasa maka, don ni na ga abin da ya saura. Kofin ya kusa shekara 50 a hannun iyalin matar, sai a 1960 mutanen gari suka yi karo-karo suka fanso shi a kan fam 100. A watan Janairun 1994 ɓarayi suka shiga inda ake ajiye shi suka ɗauke, har yau ba a gan shi ba. Wanda ake nunawa yanzu kwafi ne da aka ƙera daga baya. Na je da jikana, wani daga cikin masu kula da ƙungiyar ya buɗe mana, ya bar yaron ya taɓa. Bai ɓoye mana ba, ya ce wannan ba shi ne na asali ba, kuma da ya zo kan maganar satar sai muryarsa ta canza, kamar jiya aka yi. A dandalin tsakiyar gari akwai mutum-mutumin tagulla da aka kafa a 2013, ɗan ƙwallo da mai haƙar kwal a tare.

'Yata ta Bishop Auckland, ko tsohon naki ya ba ki labarin 1958? Bayan haɗarin jirgin Munich na 6 ga Fabrairu, wanda ya ci ran 'yan wasan Manchester United takwas, Bishop Auckland ta ba su aron mutum uku: Bob Hardisty, Derek Lewin da Warren Bradley. Bradley malamin makaranta ne, ya zauna a United, har ya buga wa Ingila a 1959. Ƙaramar ƙungiya ce ta tallafi babba a ranar makoki. Duk yaron da na ga ya sa rigar United, sai na ba shi wannan labari.

Ma'aikaciyar jinya, Bishop Auckland:

Baba, ya faɗa mini, sunan Hardisty kuwa ba ya barin bakinsa. Tsohon ya rasu bara. A wurin jana'izar, gyalen nan mai shuɗi biyu ne a kan akwatin.

Uwar yara biyu, Middlesbrough:

Ni tambaya ce ta kawo ni, haɗe da ɗan abin da na gani. Na kai 'ya'yana wani fili na ƙaramin gari sau ɗaya, ba zan ambaci sunansa ba. Mun shiga lafiya, amma wani mutum da ya sha ya yi ta kallon hijabina yana magana ƙasa-ƙasa. Kafin in ce komai, matar da ke sayar da tikitin gudummawa ta zo ta tsaya kusa da ni, ta kira wani jami'in ƙungiyar, aka fitar da shi. Bayan wasa ta rako mu har mota. Ban koma ba tukuna, amma babban ɗana kullum yana tambaya. Yaya ake yi da salla idan wasan ƙarfe uku ne a lokacin sanyi?

Direban bas, Darlington:

Hajiya, ki yi la'asar kafin a fara, don a Disamba magariba na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Ni a hutun rabin lokaci nake neman wani daga cikin masu aikin sa-kai, ban taɓa tambaya an hana ni ɗan lungu ba. Ki sa wa yaran safa biyu, sanyin daga ƙasa yake shiga. Idan West Auckland za ku, ki sanar da ni ranar, Asabar mai zuwa ba na aiki.