Ɓarnar shanu a gona: me ya sa sulhu ba ya ɗorewa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. A ƙauyenmu kusan kowace kaka sai an kai ƙarar makiyaya gaban mai gari saboda ɓarnar gero, a biya diyya, sannan baɗi a sake komawa gidan jiya. Shin akwai abin da masu sulhu suke kasa gani ne?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Mai sulhu yakan tsaya inda manomi ya tsaya, ya ga karan gero a kwance da sawun kofato, ya yanke hukunci. Da zai bi hanyar da garken ya biyo, sau da yawa zai tarar an nome burtali har bakin mashaya, ta yadda makiyayi ba shi da inda zai bi sai cikin shuka. Dokar gandun kiwo ta 1965 a tsohuwar Jihar Arewa ta keɓe filaye don kauce wa wannan matsi, amma gonaki sun cinye da yawa daga cikinsu.

Amsa ta biyu:
Ban musa ba, ɗan'uwa, sai dai shi ma makiyayi ya kamata ya duba halin wanda ya ci bashin taki, wahalar daminarsa ta salwanta a dare ɗaya. A Nijar, kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna zaunar da wakilan ɓangarorin biyu wuri ɗaya, kuma hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi.

Amsa ta uku:
A ganina, mai gari da ardo su zagaya gonar da burtalin tare kafin a fara maganar kuɗi.