'Yan tsakina suna fitowa ba ƙarfi, ko laifin abincin uwa ne?

Mai Kaji Zariya: Salam 'yan uwa, kajina dusa da dawa kawai suke ci, in suka ƙyanƙyashe sai tsakin su fito a raunane wasu ma ƙafa a lanƙwashe, mene ne matsalar?

Hajiyar Gona: Ɗana ai daga uwar ne. Kwana 21 ɗin nan kafin a ƙyanƙyashe shi, duk abin da ke cikin ƙwan ne tsako yake ci, har bayan ya fito gwaiduwar ce ke riƙe shi kwanakin farko, in uwa bata samu furotin da bitamin ba ina zai samu?

Baban Ummi: Gaskiya ne Hajiya. Ƙara musu waken suya gasasshe da garin ƙashi saboda ɓawon ƙwai, da firimis, wato haɗin bitamin da ake zubawa a abincin kaji, amma kar su yi ƙiba sosai don ƙwan zai ragu.