Fenti a kan tsohuwar takardar bango: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Na kama hayar gida a unguwar Zariya, nan Maradi, falon kuwa an manne shi da takardar ado wadda ta koɗe. Da na gwada ɓare ta, sai ta riƙa tahowa da shafen siminti, gyaran kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Saboda haka na shafa fentin ruwa a bango ɗaya, amma kafin ya bushe takardar ta kumbura, bakin haɗinta ya ɗaɗɗage. Wani mai fenti ya ce ruwan ne ya jiƙa gam ɗin, wai da na fara da fentin mai. Shin idan na sake manne bakin na bi da fentin mai, zai riƙe har bayan damina? Bangon da ya riga ya kumbura fa, yaya zan yi da shi?